Gonar da Inna Kamisa Ta Jinginar

A bangon ofishin kwalejin malamai ta Koto Lambah akwai hoton mutum bakwai, an rubuta a ƙasa wai su suka kafa ta. Ni ne na biyu daga hagu, mai alƙalami biyu a aljihu, ina ta cika ina batsewa. Wadda ta kafa kwalejin da gaske ba ta cikin hoton, kuma ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Surukata ce, Inna Kamisa.

Gajera ce, busasshiya, bakinta kullum ja da taunar ganyen sirih, wanda shi ne goron mutanenmu. Ba ta da surutu, amma in ta yi magana ɗaya sai mutum ya yi kwana biyu yana sosa wurin. A nan tsaunukan Minangkabau gida da gona na mata ne, daga uwa zuwa 'ya. Ni da na auri 'yarta Dalima na tare a gidansu kamar kowane miji, ana ba ni shinkafa da girmamawa, ba a neman shawarata. Ita ce babbar mace a gidan, makullin rumbu yana ɗaure a bakin zaninta.

Abin da duk garin ya san ta da shi shi ne riƙon gona. Tana da gonar shinkafa mai hawa bakwai kamar matakala a gangaren bakin rafi, wadda ta gada daga uwarta, uwarta daga kakarta. Lokacin Japanawa, da yunwa ta kai mutane ga dafa ɓawon rogo, gidaje da yawa sun jinginar da gonakinsu. Ita ta ci ɓawon rogon, ta ɗaura zanin ɓawon itace, ta ƙi. Rufin babban gidan danginsu kuwa ya shekara goma sha ɗaya yana yoyo. Da damina tukwane da ƙoƙunan kwakwa ke cika zaure, kowa ya san inda zai taka. Ƙanenta, Datuk Sinaro, wanda shi ne shugaban danginsu, ya sha roƙonta a jinginar da hawa ɗaya a gyara rufin. Sai ta ce masa ruwa ba ya kisa, ta ƙara tukunya.

A shekarar 1948 yaƙinmu da Turawan Holan ya toshe hanyar Padang da ta Jawa. Malaman makarantun ƙauye sun ajiye alli sun bi mayaƙa daji, yara suna zuwa aji suna tarar da awaki. Malam Marzuki, tsohon hedimasta mai ritaya, ya tara mu ya ce tunda ba za mu iya aika matasa birni su koyi koyarwa ba, mu kawo kwaleji nan. Aka kafa kwamiti, aka naɗa ni sakatare saboda rubutuna yana da kyau.

Allah ya yafe mana, mun yi zama. Kullum bayan la'asar muna barandar masallaci da shayin ganyen kofi a ƙoƙon kwakwa. Mako uku muka yi muna gardama a kan suna. Muka yi wasu biyu a kan ko Larabci ne zai fi yawan sa'o'i ko lissafi. Na zana jadawalin darussa da rula, layi a miƙe, na sa aka sassaƙa mana hatimi. Kuɗi kuma muka bi kasuwanni muna karɓar gudummawa, mutane suka ba mu da zuciya ɗaya, takardun kuɗin sabuwar jamhuriyarmu sababbi fil, muka danna su cikin gwangwanin kananzir. A watan Yuli abin da ke ciki zai gina ajujuwa uku ya biya malamai uku shekara guda. Muka ce a jira damina ta wuce kafin a fara gini. Kafin Oktoba ta ƙare, darajar kuɗin ta faɗi, duk gwangwanin ba ya sayen ɗan maraƙi.

Malaman uku da muka nema suka aiko cewa za su zo, amma a biya su da shinkafa ko zinariya, kada a nuna musu takarda. Matasa talatin da huɗu sun riga sun ba da suna. Ba mu da ɗaki, ba mu da ƙwayar shinkafa.

Ranar na dawo gida jiki a sanyaye, na tarar da Inna Kamisa a bakin matakala tana tsince tsakuwa daga shinkafa.

"Sutan," ta kira ni da sarautar aurena kamar yadda ta saba, "ina kwalejin taku? Na ji har hatimi an yi mata."

"An yi, Inna."

"Madalla. Shi za a riƙa dafa wa yaran?"

Ta nuna mini matakala da haɓa, na zauna. Ta tambaye ni baki nawa za a ciyar, na faɗa mata. Ta tambayi wata nawa kafin na farko su iya tsayawa gaban aji, na ce shekara biyu. Ta ɗebi shinkafa a tafin hannu, ta duba, ta mayar, ta sake ɗiba, leɓenta yana motsi. Abin da kwamitinmu ya kasa a wata huɗu ta gama shi kafin a kira magariba.

"Zauren gidan nan ya ɗauki mutum tamanin ranar bikinku," ta ce. "Zai ɗauki talatin da huɗu. Samari su kwana a masallaci yadda samari ke yi, 'yan mata su kwana a wurina. Gonar bakin rafi kuma za ta ciyar da su."

"Girbinta bai kai ba, Inna."

"Wa ya ce maka girbi? Jingina na ce."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Da ta ga na saki baki, sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ko daga Dalima. Ɗanta na fari, Bahar, Japanawa sun ɗebe shi aikin titin jirgin ƙasa kafin in shigo gidan. Wata rana wani fatake ya kawo mata wasiƙa da rubutun boko. Malamin makarantar garin ya gudu, liman kuma rubutun Larabci kaɗai ya iya. Ta ƙulle wasiƙar a zaninta tana nuna wa maƙwabta, tana cewa Bahar ya aiko da gaisuwa, har ta yanka kaza don murna. Sai a rana ta tara wani ɗan kasuwa ya karanta mata. Abokin Bahar ne ya rubuto cewa an binne shi.

"Kwana tara ina dariya a kan gawar ɗana," ta ce, ta ci gaba da tsintar tsakuwa. Ba ta sake ɗauko maganar ba har ta bar duniya.

Sai dai gonar gado ba ta jinginuwa don mutum ya ga dama. Al'adarmu ta yarda da dalilai huɗu kawai: gawa tana kwance ba abin yi mata sutura, budurwa ta girma ba abin aurar da ita, sarautar dangi ta faɗi ana son ɗaga ta, ko babban gida yana yoyo. Kuma sai shugaban dangi ya amince, sai kowace baligar mace a gidan ta ce ta yarda. Inna Kamisa ta aika wa Datuk Sinaro, ya aiko da amsa a ranar: makaranta abu ne mai kyau, amma ba ta cikin huɗun, kuma ba a kansa za a fara na biyar ba.

Wadda ta fi shi zafi tana cikin gida. Dalima ce za ta gaji gonar, bayanta 'ya'yanmu mata biyu. Ban taɓa jin ta ɗaga wa uwarta murya ba sai ranar, a ɗakin girki.

"Inna, lokacin da muke cin ɓawon rogo, har gashina yana zubewa, na roƙe ki. Kika ce gonar ba taki ba ce, ta 'ya'yan da ba a haifa ba ce. To an haife su, ga su can suna wasa. Yanzu ta zama taki?"

"Ba ta zama ba."

"To me za su ci in sun girma? Jadawalin babansu?"

Wannan ta same ni, kuma na cancanta. Gaskiya Dalima ta faɗa, uwar ma ta san haka.

Mako biyu Inna Kamisa ba ta sake tayar da zancen ba. Kullum da hantsi tana fita ta tsaya tana kallon kan dutse. Wata ranar Talata sai ta shigo da sauri ta ce a kai ganyen sirih gidan Datuk da gidajen dattawa, tana gayyatar su zaman dangi bayan azahar. Sannan ta sa muka kwashe tukwane da ƙoƙunan zaure kaf, aka shimfiɗa tabarmin biki. Matashin zaman Datuk da kanta ta ajiye shi a kan gaba, wurin girma, daidai inda babbar tukunyar ƙarfe take zama shekara goma sha ɗaya.

Dattawa suka zo da manyan kaya. Datuk Sinaro ya sha rawaninsa mai zaren zinariya, ya zauna ya harɗe. A irin wannan zama ba a shiga magana sai an gama jawabin maraba, kuma shugaban dangi ba ya motsawa daga wurinsa kafin a kammala. Inna Kamisa ta zaɓi Kawu Labai ya yi jawabin, tsohon da in ya fara yabon kakanni sai shinkafa ta huce a sake ɗumama ta. Yana kan kaka ta uku sama ta ɓarke da ruwa.

Ɗigon farko ya sauka a kan rawanin. Datuk ya yi kamar bai ji ba. Kawu Labai, da yake kurma ne rabi da rabi, ya ƙara murya don ya rinjayi ruwan. Ɗigo ya zama zare, zare ya zama kamar ana tsiyaya daga buta. Ruwa ya bi rawanin ya gangaro ta hancin Datuk yana ɗiga a cinyarsa, shi kuwa ya ƙame, ido a gaba. Ni ina can ƙarshen zaure inda mazan gida ke zama, na cusa bakina cikin hannun riga har haƙarƙarina suka yi ciwo.

Da jawabi ya ƙare, Inna Kamisa ta sunkuyar da kai cikin ladabi.

"Datuk, mun kira ka ne ka gani da idonka. Babban gida yana yoyo."

"Na gani, Yaya. Har cikin kunnena na gani." Ya share fuska. "Shekara goma sha ɗaya ina roƙonki a gyara rufin nan."

"Ka roƙa. Ni ce mai taurin kai, yau na ji."

"To a jinginar da hawa ɗaya, ya isa rufi."

"Duka bakwai."

"Rufin zinariya za ki yi?"

"Jinkar zaren bishiyar enau, irin na kakanni. Amma aiki sai da ma'aikata. Na samu talatin da huɗu, yara ne, ba su iya komai ba, dole a ɗauko mutum uku su koya musu. Aikin zai ci shekara biyu. Ka taɓa ganin an sa mutum aiki ba a ba shi abinci ba?"

Dattawa suka fashe da dariya, har Kawu Labai da bai ji abin da aka ce ba. Datuk bai yi dariya ba. Ya dubi yayarsa, ya sauke murya, ya yi magana irin ta ƙane ba ta shugaba ba.

"Yaya, kin san gonar da ta fita a lokacin yaƙi ba ta cika dawowa ba."

"Na sani."

"Ta Innarmu ce fa."

"Na fi ka sanin Innarmu, ni na wanke gawarta."

Ya juya ga matan gidan yana tambayar su ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan Dalima. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta rushe komai, kuma ba wanda zai ga laifinta. Hawaye yana zuba a fuskarta, ba ta share ba.

"Abin da Inna ta gani," ta ce, ta tashi ta shige ɗaki.

Haji Bustami mai sayar da yadi ne ya karɓi jinginar, mutumin kirki, ya biya da tsabar zinariya da shinkafa mai ɓawo, bai rage ko ƙwaya ba. Gonar ta tafi da shukar da ke cikinta, wadda Inna Kamisa ta dasa da hannunta wata guda kafin nan.

Daga ranar kwamiti ya ci gaba da zama a baranda, amma kwalejin tana hannunta. Ta hana a canza zinariyar zuwa takarda, ta ɗinke ta cikin matashi tana kwana a kai, sai ranar biyan malami ake farke ɗinki ɗaya. Matasan suka fara isowa, ta sa su hawa rufi da gaske, don ta ce ba za ta yi wa ƙanenta ƙarya a gaban dattawa ba. Da na kawo zancen tebura da kujeru, ta tambaye ni ko karatu ta ɗuwawu yake shiga. Aka jera katako a kan duwatsu, aka cire ƙyauren tsohon rumbu aka shafe shi da baƙin tukunya ya zama allo, alli kuma daga farar ƙasar bakin rafi. Ta raba 'yan makarantar gida biyar, kowane rukuni da ranar daka da ranar itace. Jadawalina mai layi a miƙe ta sa na sake shi don kada darasi ya faɗo ranar kasuwa.

A watan Disamba yaƙin ya hauro tsaunuka. Muka ga jirage suna wucewa, muka ji birni ya faɗi, mutane suka fara shigowa da kaya a ka. Biyu daga cikin kwamitinmu suka kwashe iyalansu suka yi daji. Malam Marzuki ya tara sauranmu ya ce hankali shi ne a ɗage buɗewa har a samu zaman lafiya. Ni ma na ɗaga hannu, ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji. Muna cikin haka sai ga Inna Kamisa a ƙasan baranda da kwando a ka, ba ta hau ba.

"Malam, na ji za a jira lafiya."

"Dole ce, Inna Kamisa. Sojoji suna iya shigowa ko yaushe."

"In sun shigo, yaran su sauko daga zaure su hau rufi, masu jinka ne. In sun wuce su koma karatu. Shinkafar da ke rumbu ba ta san ana yaƙi ba, ƙwari za su cinye ta kafin lafiyar taku ta iso. Ni gonata ta riga ta tafi. Ku kuwa me ya tafi muku, gwangwani?"

Ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Malam Marzuki ya cire tabarau ya goge, ya ce a sa rana. Malaman uku suka iso da ƙafa ta bayan dutse, ɗaya da littattafansa a ƙarƙashin busasshen kifi.

Kwalejin ta rayu. Sau biyu 'yan sintiri suka shigo garin, sau biyu suka tarar da matasa a kan rufi suna ɗaure zare. Gonar ce ba ta dawo ba. Bayan yaƙi zinariya ta yi tsadar da albashina na shekara goma ba zai fanshe ta ba, Inna Kamisa ta rasu a 1957 gonar tana hannun iyalan Haji Bustami, har yau kuma tana can. 'Ya'yana mata sun tashi ba su da taki ɗaya na ƙasa a garin uwarsu. Na faɗi wannan don kada a ɗauka abin kyauta ya zo.

Ranar buɗewa ta faɗo a watan Maris, lokacin girbi. Na sa farin kwat ɗina na aure, na yi jawabi mai tsawo a kan haske da duhu. Sai da na zo wurin godiya na waiga inda matan gida ke zaune, na ga babu Inna Kamisa. Na tambayi Dalima, wadda wata huɗu ke nan ba ta yi wa uwarta maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ta ce ita ma ba ta gan ta ba tun asuba, sai wata maƙwabciya ta ce ta hange ta ta nufi rafi.

A can na same ta, a hawa na huɗu, cikin layin matan da Haji Bustami ya ɗauka girbi, ana ba su dami ɗaya cikin goma. Tana sunkuye da 'yar wuƙar yanka a tafin hannu, tana cire zangarniya ɗaya bayan ɗaya daga shukar da ita ta dasa. Matar Haji tana tsaye a gefe, kunya ta hana ta sakat.

"Wallahi na ce ta bari, Sutan, na ce zan aika mata da rabonta har gida. Ta ce ita ba bara ta zo ba."

Inna Kamisa ba ta ɗago ba. "Nawa suka zauna?"

"Ashirin da tara, Inna. Biyar hanya ta hana su."

"Mata?"

"Takwas."

"To." Ta yanke wata zangarniyar. "Gida ya ƙaru da baki, kuma shinkafar rumbu ta makaranta ce, ba ta jikokina ba. Dole wani ya nemo tasu."

Ina tsaye a kan kunyar gonar da takalmina mai sheƙi, na ji ƙwalla ta cika mini ido, kuma ban taɓa raina kaina kamar wannan lokacin ba. Sai na ji takun mutum a bayana. Dalima ce, ta biyo ni da kayan bikinta. Ta tsaya ta dubi gonar tun daga hawa na farko har na bakwai, ta dubi bayan uwarta. Ta cire mayafinta mai zaren zinariya ta ɗora mini a hannu, ta karɓi wuƙa a wurin matar Haji, ta sauka.

"Matsa, Inna. Kin tsufa, kina barin rabi a baya."

Inna Kamisa ta matsa. Ta kasa yanka karan shinkafa har sau biyu, amma da ta yi magana muryarta tana nan yadda take.

"Sutan, kana tsaye a kan shinkafar mutane. Koma ka ce a fara karatu."